Daga Ina Ake Samun Kayan Gyaran Jiragen Ruwa Masu Dakon Jiragen Yaƙi?

Tambaya: "Na karanta cewa wani jirgin ruwan Amurka mai dakon jiragen yaƙi ya yi kusan shekara shida ana gyaransa, wani na Ingila kuma ya lalace jim kaɗan bayan ya bar tasha. Ƙasashe masu kuɗi irin waɗannan ba su da safaya ne a ajiye? Kuma yaya aka yi jiragen suka samu siffar da suke da ita yanzu?"

Malam, tambayoyinka biyu tushensu ɗaya. Abin da injiniya ya zana a takarda kafin a yanka ƙarfen farko, shi ke yanke hukuncin irin kayan gyaran da za a riƙa nema har shekara 50 masu zuwa. Matsalar kuwa ba ta kuɗi ba ce, ta ƙarancin jiragen ce. Wanda motarsa ta lalace, in ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano zai samu kayanta, domin an ƙera irinta miliyoyi. Amma jiragen ajin Nimitz na Amurka, wato waɗanda aka gina da zane ɗaya, guda 10 ne kacal a duniya, ajin Queen Elizabeth na Ingila guda 2, Charles de Gaulle na Faransa kuwa tilo ne, ba wa ba ƙani. Babu kamfanin da zai zuba farfela mai tan 30 ya ajiye a shago yana jiran mai saye.

Farkon lamarin, kwaskwarima aka riƙa yi wa jiragen da aka yi don wani aiki daban. HMS Argus na Ingila, wanda ya fara aiki a 1918 da shimfiɗaɗɗen doro tun daga goshi har wutsiya, gangar jikin jirgin fasinja ce da ake ginawa domin Italiya. USS Langley na Amurka jirgin dakon kwal ne kafin 1922. Hosho na Japan, shi ma a 1922, shi ne na farko da ya shiga aiki cikin waɗanda tun daga zane aka nufe su da ɗaukar jiragen sama. Yarjejeniyar Washington ta wannan shekarar ta taƙaita gina manyan jiragen igwa, sai Amurka ta juya Lexington da Saratoga zuwa masu dakon jiragen sama, Japan ma ta juya Akagi da Kaga. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta gina ajin Essex, guda 24, masu doron katako da ake iya facinsa a cikin teku, Ingila kuma ta zaɓi doron sulke mai jure bam amma mai rage yawan jiragen da za a ɗauka. Wannan adadi na 24 ka riƙe shi: ba a sake gina manyan jiragen dako iri ɗaya masu yawa haka ba, kuma tun daga nan samun safaya ya fara wuya.

Jirage masu injin jet ne suka rushe tsohon zanen. Sun fi nauyi, sun fi gudu wajen sauka, kuma injinsu ba ya amsa wuta nan take. A doro miƙaƙƙe, jirgin da ƙugiyar wutsiyarsa ta kuskure wayar da ke tsayar da shi sai ya faɗa kan shinge ko kan jiragen da aka jera a gaba. Hafsoshin ruwan Ingila uku ne suka kawo mafita a farkon shekarun 1950. Dennis Cambell ya ba da shawarar a karkata layin sauka zuwa hagu, yadda wanda ya kuskure zai ƙara wuta ya sake tashi. Colin Mitchell ya kawo majaujawar tururi mai cilla jirgi sama daga doro, aka gwada ta a kan HMS Perseus. Nicholas Goodhart kuma ya ƙirƙiro madubi mai fitila da ke nuna wa matuƙi ko ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa. Amurka ta gwada karkataccen doro a kan USS Antietam, sannan ta haɗa dabarun a USS Forrestal da ya fara aiki a 1955. Yawancin manyan jiragen dako da kake gani yau, jikokin Forrestal ne a siffa. Gobarar da ta tashi a kansa a watan Yulin 1967, wadda ta ci rayuka 134 bayan wani roka ya tashi da kansa a doro, ita ta sa aka mayar da bututun wanke doro na feshin kumfar kashe wuta, aka kuma wajabta wa kowane ma'aikaci horon kashe gobara.

Sai nukiliya. USS Enterprise na 1961 tukunyar nukiliya takwas aka sa masa, kuma shi kaɗai aka gina a ajinsa. A fannin gyara wannan babban ciwon kai ne: komai nasa na musamman, ma'aikatansa sai an yi musu horo daban, haka aka yi ta lallaɓa shi har 2012. Ajin Nimitz ya gyara wannan kuskure. Tukunya biyu manya, sandunan farfela huɗu, tsawon mita 333, nauyin kusan tan 100,000, gudun da ya haura kilomita 55 a awa, kuma duka goman a masana'anta ɗaya aka gina su, Newport News a jihar Bajiniya, daga Nimitz a 1975 zuwa George H.W. Bush a 2009. A ganina wannan maimaita zane ɗaya na sama da shekara 30 ya fi kowace sabuwar fasaha amfani ga rundunar ruwan Amurka, domin bawul ɗin wannan jirgi zai shiga wancan, makanikin da ya koyi aiki a ɗaya kuma ba baƙo ba ne a sauran tara.

To, me ke lalacewa? A fara da wayar tare jirgi, don ita ce ta fi komai cinyewa. Wayoyi huɗu ne a gicciye a layin sauka, a kan Ronald Reagan da George H.W. Bush an rage su zuwa uku. Kaurin kowace kusan santimita 3 da rabi. Ɓangaren da ke kan doro guntu ne da ake kwancewa, an ɗaure bakinsa biyu da wata doguwar waya da ke bi ta kan ƙafafun juyi ta gangara ƙarƙashin doro zuwa injin birki. Idan ƙugiyar jirgi ta kama, wayar tana jan wani ƙaton fistin, shi kuma ya matse ruwan birki ta cikin bawul da ke ƙara tsukewa a hankali, har jirgi mai tan 20 ya tsaya cikin kimanin mita 100, a daƙiƙa biyu zuwa uku. Kafin kowane jirgi ya sauka sai an saita bawul ɗin daidai da nauyinsa. In an saita shi da sauƙi, fistin zai kai ƙarshen hanyarsa da sauran ƙarfi ya daki bango. In an saita da tauri, ƙugiya ko waya ce za ta sha wahalar. Guntun da ke kan doro ana cire shi bayan ya tare jirgi sau 125, ko kafin haka idan an ga zaruruwan ƙarfensa sun fara tsinkewa ko ya lanƙwashe, kuma ƙwararrun ma'aikata suna musanya shi cikin mintuna biyu zuwa uku ana tsakiyar saukar jirage. Bakin doguwar wayar kuwa da narkakken zinki ake ɗaure shi cikin kwanson ƙarfe, aikin da in an bar danshi ko maiƙo a ciki, ɗaurin ba zai riƙe ba.

Abin da ke faruwa in an yi sakaci an gan shi a watan Maris na 2016 a kan Dwight D. Eisenhower. Waya ta tsinke lokacin da jirgin leƙen asiri E-2C Hawkeye ke sauka, ta yi bulala a doro ta jikkata ma'aikata takwas, jirgin ya zarce ta goshi, da ƙyar matuƙa suka ɗaga shi kafin ya taɓa ruwa. Bincike ya nuna wayar lafiyarta ƙalau, masu gyara ne suka tsallake matakai wajen saita injin birkin. A ƙarshen wannan shekarar jirgin dako Admiral Kuznetsov na Rasha ya yi asarar jirage biyu a gaɓar Siriya, MiG-29K da Su-33, duka a dalilin matsalar wayoyin tarewa.

Majaujawar tururi ta fi wannan rikitarwa. Silinda biyu ne a kwance ƙarƙashin doro, tsawonsu ya haura mita 90, kowace da tsaga a bayanta daga farko har ƙarshe. Fistin biyu na gudu a ciki, an haɗa su ta tsagar da wani ƙarfe da ya leƙo saman doro, wanda ake maƙala wa ƙafar gaban jirgi. Tambayar da kowane makanike zai yi ita ce: silinda mai tsaga ta yaya za ta riƙe tururi? Akwai doguwar tsiriyar ƙarfe mai lanƙwasuwa da ke toshe tsagar, fistin yana ɗaga ta a gabansa yana mayar da ita a bayansa yayin da yake wucewa. Wannan tsiriya tana cikin kayan da ke ci, kuma farin hayaƙin da kake gani yana tashi daga doro bayan an cilla jirgi, tururin da ya sulale ta nan ne. A ƙarshen hanya, kowane fistin yana da tsini kamar mashi da ke nutsewa cikin silindar ruwa, ya tsaya cikin ƙasa da mita biyu. Idan ruwan birkin nan ya yi ƙasa, fistin zai farfasa goshin na'urar. Kafin a fara aiki kuma dole a ɗumama silindar na awanni, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi, kuma an auna komai ne a kan tsawonsa yana da zafi. Kowace cilla tana shan tururi kimanin kilo 600, daga tataccen ruwa, shi ya sa injinan tace ruwan teku na ajin Nimitz, masu ba da kusan lita miliyan ɗaya da rabi a rana, su ma kayan yaƙi ne ba na wanka kawai ba. Abin da aka fi tsoro shi ne cilla mai sanyi, wato ƙarfin ya gaza, jirgi ya kai bakin doro bai samu gudun tashi ba.

Sauran masu ci a kullum ba su da suna a jarida: fentin doro mai kaushi da ƙugiya da taya ke kankarewa, allunan da ke tare wutar injin jet waɗanda ake sanyaya su da ruwan teku don haka gishiri ke toshe bututunsu, sil da boris na famfuna, matatun mai, da bawul dubbai.

Irin waɗannan ƙananan kaya jirgi yana tafe da su. Akwai kundin da ke ƙayyade abin da za a ɗauka don jirgin ruwan, da wani daban don jiragen saman da ke kansa, ana lissafa su bisa yawan lalacewar kowane abu a baya. Kowane kaya yana da lamba mai alƙaluma 13 a tsarin da ƙasashen NATO ke amfani da shi, don kada a yi oda da suna a kawo wani abu. A cikin jirgin akwai ɗakin walda, da injinan sassaƙa ƙarfe, da ɗakunan gyaran lantarki, har da wurin tayar da injin jet a gwada shi a can wutsiya. Abin da babu, in ƙarami ne jirgin sama ke kawo shi, da C-2A Greyhound ne, yanzu CMV-22B Osprey ke karɓar aikin. Dalili ɗaya na sauyin shi ne babban ɓangaren injin jirgin yaƙi F-35C ya yi wa Greyhound girma. Ka ga yadda zaɓen jirgin yaƙi ya tilasta sauya jirgin kawo safaya.

Manyan kaya kuwa labarinsu daban. Farfela, sandarta, giya mai rage gudu, anka, waɗannan odar su tana ɗaukar shekaru, kuma masana'antun da ke iya zuba su ba su da yawa. Don haka tsohon jirgi ne rumbun sabo. Ankoki biyu na Forrestal, kowace tan 30, an mayar da su kan John C. Stennis, farfelolinsa huɗu kuma aka ɗaura wa Harry S. Truman. Anka ɗaya ta Enterprise ta koma kan Abraham Lincoln. Sai an kwashe duk abin amfani sannan ake sallama gangar, shi ya sa za ka ji an sayar da Forrestal a 2013, da Kitty Hawk a 2021, a kan sisin Amurka ɗaya tak ga masu yanka jirage a Brownsville ta jihar Texas. Kuɗin yankawar ne ya cinye darajar ƙarfen.

Faransa ta ɗanɗana wannan tun jirginta yana gwaji. A watan Nuwamba na 2000 farfelar hagu ta Charles de Gaulle ta karye a tekun Atlantika. Da aka duba, sai aka ga kumfar iska ta maƙale cikin ƙarfen tun wajen zubi, kusa da cibiya, kuma na ajiyar ma suna da aibin. Dole aka ɗauko farfelolin tsohon ajin Clemenceau aka ɗaura, gudun jirgin ya sauko daga kilomita 50 a awa zuwa kimanin 45, haka ya yi ta aiki sai a babban gyaran 2007 zuwa 2008 aka sa masa sababbi. Majaujawarsa biyu kuma ƙirar Amurka ce, gajeren samfuri mai mita 75, don haka ƙasar da ta gina tukunyar nukiliyarta da kanta tana dogara da wata ƙasa wajen kayan cilla jiragenta.

Na Ingila da ka ambata, HMS Prince of Wales ne, a watan Agustan 2022. Sandar farfela ba ƙarfe ɗaya ba ce, gaɓa-gaɓa ce da ake haɗawa da wani kwanso mai matsewa. Mahaɗin sandar dama ne ya fashe kusa da tsibirin Wight, kuma bincike ya danganta abin da rashin daidaiton sandar tun wajen ɗaurawa. Sandar da ta kauce ko da kaɗan ne, kowane juyi yana lanƙwasa ta yana saki, boris ya yi zafi, mahaɗi ya gaji. Ba a gyara wannan a kan ruwa, sai an shigar da jirgi kwarmin gyara an zuƙe ruwan, kuma kwarmin da aka tanada don girmansa yana Rosyth a Sukotland, inda sai an jira cikar teku kafin a shiga. Bai fito ba sai Yulin 2023. Yana kwance aka riƙa ciro wasu kayansa ana kai wa ɗan'uwansa Queen Elizabeth. A Fabrairun 2024 kuma abin ya juya: aka ga matsala a mahaɗin sandar Queen Elizabeth ana gab da atisayen NATO, Prince of Wales ya tafi a madadinsa. Wannan cire wa wani a sa wa wani yana fitar da jirgi kunya yau, amma aiki biyu ne, a kwance a ɗaura sannan a sake ɗaurawa, kuma sau da yawa kayan na lalacewa wajen cirewa.

Mai shekara shida kuwa George Washington ne, daga Agustan 2017 zuwa Mayun 2023. Wannan ba gyaran lalacewa ba ne. Kowane jirgin ajin Nimitz, idan ya kai rabin rayuwarsa, wajen shekara 25, ana kai shi Newport News a yanka hanya ta cikin benayensa har zuwa tukunyar nukiliya a sauya makamashinta, sau ɗaya tak a rayuwarsa. Tunda an riga an buɗe shi, sai a zare sandunan farfela da allunan juya akalar jirgi, a kwance majaujawa huɗu, a kankare tankuna a sake fenti, a sauya rada da wayoyin lantarki. Shekara huɗu ake tsarawa. Na George Washington ya haɗu da annobar korona, da ƙarancin ma'aikata, da jinkirin kaya, da kuma ɓarnar da ba a sani ba sai da aka buɗe. Wannan na ƙarshe shi ne ke ɓata kowane jadawali: tankin da aka rubuta masa fenti kawai, a buɗe a tarar tsatsa ta cinye ƙarfen sai an yanke an yi walda.

Kada a ɗauka sabon zane yana kawar da matsalar. Gerald R. Ford, wanda ya shiga aiki a 2017 kan kuɗi kusan dala biliyan 13, an sa masa majaujawar maganaɗisu maimakon tururi, da sabon injin tare jirgi, da lif 11 na ɗaga makamai masu aiki da maganaɗisu, duk a lokaci guda. Manufar mai kyau ce: babu tsiriya, babu ɗumamawa, ma'aikata sun ragu, ana iya daidaita ƙarfin cilla ga ƙaramin jirgi da babba. Amma an so majaujawar ta yi cilla 4,166 kafin ta samu matsala, rahoton ofishin gwaji na ma'aikatar tsaron Amurka ya nuna a gwajin 2019 zuwa 2020 tana yin 181 ne. Ga wani aibi na zane: majaujawa huɗun suna tarayya a rumbun wuta, ba a iya kashe ɗaya a gyara ta sauran na aiki, alhali ta tururi ana rufe bawul ɗinta a ci gaba da uku. Lif na ƙarshe bai kammala ba sai Disamban 2021. Kuma da yake babu tarihin lalacewa da za a yi lissafin safaya da shi, a 2021 sai da aka ciro allunan sarrafawa, da ƙananan famfuna, da na'urorin sarrafa injinan lantarki daga John F. Kennedy da ake kan ginawa aka sa wa Ford. Har bututun bayan gida bai tsira ba: ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ya ce a 2020 suna toshewa, kuma wanke su da asid sau ɗaya yana cin dala 400,000.

Wanda ya sayi tsohon jirgi daga wata ƙasa shi ya fi kowa shan wuya. Kuznetsov a Mykolaiv aka gina shi, garin da yanzu yake Yukiren, don haka Rasha ta gaji jirgi ba ta gaji masana'antarsa ba. Kwarmin gyara mai iyo da ke ɗaukarsa ya nutse a Oktoban 2018, ƙugiyar ɗaga kaya ta faɗo ta huda doronsa, gobara ta biyo baya a Disamban 2019. Indiya ta sayi Admiral Gorshkov daga Rasha ta sa masa suna Vikramaditya, a gwajin 2012 tukwanen tururinsa suka gaza saboda bulon da aka jera a madadin asbestos bai jure zafin ba, aka ɗaga miƙa shi zuwa Nuwamban 2013. Brazil ta sayi Foch daga Faransa a 2000 ta kira shi São Paulo, ya fi daɗewa a tasha fiye da teku, ta haƙura da shi a 2017. Da aka tura shi Turkiyya a yanka, aka hana shi shiga saboda asbestos ɗin da ke jikinsa, ya yi watanni ana jansa a teku, a Fabrairun 2023 sojojin ruwan Brazil suka nutsar da shi. Sin ce ta bi wata hanya: ta sayi gangar Varyag daga Yukiren ta kammala shi a matsayin Liaoning a 2012, sannan ta kwafi zanen ta gina Shandong a gida a 2019, yadda masana'antun da za su yi safayar suna cikin ƙasarta kafin ta matsa zuwa Fujian mai majaujawar maganaɗisu.

Kayan lantarki su ne suka fi saurin tsufa. Gangar jirgi shekara 50, amma ƙwayar kwamfutar da ke cikin allon sarrafa famfo ana daina yin ta cikin shekaru kaɗan. Mafita uku ce: a saye da yawa a ajiye kafin kamfani ya rufe layin, a sake zana allon gaba ɗaya a sake gwada shi da girgiza da zafi, ko a nema wajen dillalai. Ta ukun nan ce ƙofar jabu. Kwamitin tsaro na majalisar dattawan Amurka ya ba da rahoto a 2012 cewa ya gano lamura kusan 1,800 da suka shafi kayan lantarki sama da miliyan ɗaya da ake zargin jabu ne a kayan sojan ƙasar. Buga kayan ƙarfe da na'urar ɗab'i mai siffa uku ya fara shigowa, kuma abin farko da aka amince da shi, wanda aka yi domin Harry S. Truman, ƙaramar matata ce ta fitar da ruwa daga bututun tururi. Iyakarsa ke nan a lokacin, ƙananan kaya marasa haɗari. Duk abin da ya shafi tukunyar nukiliya, ko majaujawa, ko wayar tarewa, sai da takardar da ke nuna daga wane zubin ƙarfe ya fito, wa ya gwada shi, kuma da wane sakamako. In takardar ta ɓata, ko kayan sabo ne fil a cikin kwalinsa ba za a ɗaura shi ba.